Bushiya: Daga Tsibirin Massawa Zuwa Karar Maigatari

A shekarar 1887 aka sauke wasu shanu daga jirgin ruwa a Massawa, a bakin Bahar Maliya, cikin ƙasar da yanzu ake kira Eritiriya. Sojojin Italiya ne suka mamaye garin tun 1885, kuma nama suke so. Yawancin masana tarihi sun tafi a kan cewa daga Indiya aka yo odar shanun. Tsohon garin Massawa a kan tsibiri yake, hanya ce da aka cike da ƙasa ta haɗa shi da tudu. Da an tsare dabbobin nan mako uku a inda aka sauke su, da masu ciwon cikinsu sun nuna kansu, an yanka an binne, an wuce wurin. Ba a tsare su ba. Suka tsallaka tudu ɗauke da ciwon bushiya.

Bushiya ba ta kama mutum. Saniya take kamawa, da ɓauna, da raƙumin dawa, da mugun dawa, da wasu namun daji masu kofato. Zazzaɓi ne farko, dabba ta ƙi kiwo, gashinta ya mimmiƙe. Sai hawaye da majina, sai gyambo a dasashi da harshe, miyau yana dalala, bakin yana wari. Sai zawo mai ƙarni, wani lokaci da jini, har idanu su faɗa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu an gama. A garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba takan kwashe tara cikin goma. Ƙwayar cutar kuwa ba ta da juriya ko kaɗan, rana da zafi suna kashe ta cikin ɗan lokaci. Ba ta iya tafiya da kanta, sai a jikin dabba mai rai, daga numfashi zuwa numfashi, a bakin mashaya, a burtali, a kara. Duk inda ta je, kora ta aka yi da sanda har can.

Habasha ta fara ɗanɗana. Shanun huɗa suka ƙare, gonaki suka kwana ba noma, fari da fara suka biyo baya, aka yi yunwa daga 1888 zuwa 1892 wadda ake ƙiyasta ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar. Daga nan annobar ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya gangara kudu, ɗaya ya yo yamma ta Sudan da Darfur da Wadai, ya zagayo Tafkin Chadi, ya shigo Barno da ƙasar Hausa, ya zarce har bakin Kogin Senegal. Wani hafsan Faransa mai suna Monteil, wanda ya taso daga Senegal zai je Tafkin Chadi, ya ci karo da ita a wajen Dori a 1891. Ya iso Sakkwato, ya shigo Kano a ƙarshen wannan shekara, ya wuce Kukawa a farkon 1892, kuma labarin mutuwar shanu bai rabu da shi ba a hanyar.

Ƙasar Gumel a kan bakin hanyar take. Gabas Haɗejiya da Barno, arewa Damagaram, kudu maso yamma Kano. Ta nan takarkarai suke gangarowa da kanwa da gishirin ƙasar Manga, ta nan garken Fulani suke hawa arewa da damina su sauko da rani. Babu iyakar Nijeriya da Nijar a lokacin, tsohuwar fadar Gumel ma, Tumbi, yau a cikin Nijar take. Makiyaya sun sa wa annobar wannan zamani suna Sannu. Wani ma'aikacin sashen dabbobi, de St Croix, wanda ya wallafa littafi a kan Fulanin Arewa a 1945, ya tarar da tsofaffin da suka ga abin da idonsu. Sun ba shi labarin mutanen da suka wayi gari ba ko maraƙi, wasu suka zautu, suka shiga daji suna kiran shanun da babu su. Wanda bai san matsayin saniya a ruga ba zai ce dukiya ce ta salwanta. Abin ya wuce haka. Nono da man da mace ke kaiwa gari ta samo hatsi, da sadaki, da gadon yaro, da sunan mutum a cikin dangi, duk a bayan saniyar nan suke. Fulani da yawa a lokacin suka ajiye sanda suka ɗauki fartanya, wasu ba su koma ba har abada.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Lugard, wanda sojojinsa suka ci Kano a 1903, shekarar da Gumel ma ta shiga hannun Turawa, ya ga wannan annoba tun a Gabashin Afirka wajen 1890. A littafinsa na 1893 ya faɗa da bakinsa cewa ta sauƙaƙa musu aiki, domin ta karya ƙabilun makiyaya masu ƙarfin yaƙi. Ba bushiya ce ta ci Arewa da yaƙi ba, amma ƙasar da Turawa suka tarar ƙasa ce da ta yi asarar shanunta shekara goma sha biyu kafin zuwansu.

Reshen kudu ya tsallake Kogin Zambezi a 1896. Turawan Afirka ta Kudu suka yi abin da duk mai mulki ke fara tunani: shinge. Suka ja waya mai ƙaya ta wajen kilomita 1,600, suka zuba 'yan sanda a kan dawaki suna sintiri, suna harbe shanun da ake zargi. A 1897 ciwon ya ɓulla a bayan shingen.

Ingila ta yi irin wannan yaƙi ta ci nasara, amma ita teku ya kewaye ta. A 1865 jirgi ya kawo mata shanu masu ciwon daga gaɓar Tekun Baltik, suka shiga kasuwar Landan, shanu fiye da 300,000 suka tafi. A 1866 majalisa ta yi doka: a yanka duk dabbar da ta kamu, a biya mai ita diyya, a hana zirga-zirgar shanu, a sa ido a tashoshin jiragen ruwa. Kafin ƙarshen 1867 ciwon ya gushe. Tsibiri ƙofofinsa ƙidayayyu ne, in ka tsare su ka tsare ƙasa. Da wannan dabara Ingila ta tsare kanta daga ciwon haukan kare. Kusan shekara ɗari duk karen da aka shigo da shi sai ya yi wata shida a killace, sai a shekarar 2000 aka fara sassautawa. Har yanzu wanda zai tafi da kare ko kyanwa daga Nijeriya zuwa Ingila sai an sa wa dabbar 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, an yi mata allurar haukan kare, an ɗebi jininta bayan aƙalla kwana 30 an gwada, sannan a jira wata uku. In aka tsallake ɗaya, sai a killace ta a can har wata huɗu, kuma mai ita ne zai biya. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ma daga tashar jirgi ta samo asali: a 1920 wasu shanun Indiya da za a kai Barazil suka yada zango a Antwerp, suka bar wa Beljiyam bushiya, firgicin da ya biyo baya ya sa aka kafa hukumar a Faris a 1924.

To mu ina tekunmu? Iyakar da Ingila da Faransa suka shata, suka kafa mata duwatsu tsakanin 1906 da 1908, ta ratsa gonaki da makiyaya ne kawai. Tsawonta da Nijar ya kai kimanin kilomita 1,500, kuma a wajen Maigatari da Sule Tankarkar babu kogi, babu dutse, rairayi ne da ƙirya da aduwa. Mai gona a wannan gefe yana da suruki a wancan. Saniya ba ta san tuta ba.

Bushiya kuwa ta zauna. Ta dawo a lokacin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ta sake dawowa wajen 1919 zuwa 1920. Gwamnatin mulkin mallaka, wadda jangali ke cika mata baitulmali, ta buɗe sashen dabbobi a Zariya gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta mayar da shi Vom a 1924 don a riƙa haɗa magani. Rigakafin farko mai wuya ne. Ana yi wa saniya allura biyu a tare, ɗaya jinin da ke ɗauke da ciwon mai rai, ɗaya ruwan jinin dabbar da ta warke. Saniyar za ta yi ciwo na gaske, sai dai mai sauƙi, kuma tana iya harbin wasu, don haka dole garke ya zauna a sansani makonni a killace. Wasu suna mutuwa a wurin. Ka duba matsayin Bafulatani a nan: ka kai shanunka da ƙafarka a sa musu ciwo, a ƙirga su a gaban malamin da kake zaton ƙidayarsa za ta kai kunnen mai karɓar jangali. Duk da haka sun kai, domin sun lura wadda ta tashi daga wannan allura ba ta sake kamuwa har ta mutu. Makiyayan yankin nan ba a bakin Bature suka fara jin wannan ba, sun riga sun san saniyar da ta sha bushiya ta rayu ta fi sauran daraja. Daga baya aka samo rigakafin da aka raunana a jikin awaki, wanda ya rage mace-mace, bai dai kawar da su ba.

Wanda ya warware matsalar wani likitan dabbobi ne ɗan Ingila, Walter Plowright. Ya yi aiki a Vom, sannan a 1956 ya koma Muguga a Kenya. Can ya riƙa raya ƙwayar cutar a cikin ƙwayoyin ƙodar maraƙi a kwalba, yana juye ta daga wannan kwalba zuwa waccan, har kimanin sau 90. Ƙwayar ta manta yadda ake kisa, amma jikin saniya bai manta da ita ba. Allura ɗaya, kariya har ƙarshen rai, ba zazzaɓi, ba harbin na kusa, ba zaman sansani, ga araha.

A 1961 shugabannin sassan dabbobi na ƙasashen Afirka suka taru a Kano. A nan aka yanke shawarar da ta fi kowane shinge amfani: tunda shanun ba sa tsayawa a iyaka, allurar ma kada ta tsaya. Aka sa wa shirin suna JP15. Zangon farko, daga 1962 zuwa 1965, ya haɗa Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, wato ƙasar Gumel da Damagaram suna tsakiyar fagen. Ƙa'idar ita ce kowace saniya, kowace shekara, shekara uku a jere, a gefen nan da gefen can a lokaci guda. Amurka da Tarayyar Kasuwar Turai suka zuba kuɗi, Vom da Farcha ta Chadi suka haɗa rigakafi. Malaman dabbobi suka bazu da Landiroba da firji mai kananzir, aka kafa turaku na katako inda shanu ke bi ɗaya bayan ɗaya, hakimai da dagatai da arɗo-arɗo suka yi shela. Duk wadda aka yi wa allura sai a huda mata kunne da wani ƙarfe mai siffar ganye, don kowane ma'aikaci, mai jin Turanci ko mai jin Faransanci, ya karanta ba tare da takarda ba. Ina ganin wannan huda ta fi duk takardun da aka taɓa bugawa a kan iyakar nan aiki, domin ba a manta ta a gida, ba a sayenta a bayan ofis. Kafin a rufe shirin a 1976 ya kai ƙasashe 22, an yi wa shanu fiye da miliyan 70 allura. A Nijeriya ciwon ya ɓace.

Sai aka kashe maciji ba a sare kansa ba. Yarjejeniyar ita ce bayan masu ba da taimako sun tafi, kowace ƙasa ta ci gaba da yi wa maruƙan kowace shekara allura, ta kuma sa ido. Maraƙi yana samun kariya daga nonon farko na uwarsa, amma kafin ya cika shekara ta zube. Ƙasashe da yawa suka yi sakaci, firji ya lalace ba a gyara ba, mota ta tsaya ba taya. Mu nan kuɗin mai ya shigo, hankalin gwamnati ya bar ruga. Ciwon kuwa yana nan laɓe a wurare biyu, kan iyakar Mali da Muritaniya, da kudancin Sudan da gefen Habasha. Shekara bayan shekara garke yana cika da shanun da ba su da huda a kunne.

A 1980 ya ɓullo a Jihar Sakkwato daga yamma. A farkon 1983 ya faɗo ta Barno daga Chadi, kuma wannan ne mai zafin. Yanzu ga kwalta ga manyan motoci, abin da a 1891 yake ɗaukar watanni ya koma tafiyar kwana biyu. Mai shanu in ya ga hawaye a idon ɗaya, abu biyu yake yi: ko ya kora sauran ya gudu, ko ya yi maza ya kai kara ya sayar kafin su faɗi. Duka biyun cutar suke yi wa hidima, kuma ba na ganin laifinsa, tunda babu wanda ya yi masa alkawarin diyya in ya tsaya. Rigakafin da ke ƙasa bai isa ba. Shanu dubu ɗaruruwa suka mutu, asarar Nijeriya kaɗai aka ƙiyasta ta kai dala biliyan 2. Gumel a lokacin tana cikin Jihar Kano, Jigawa ba ta zo ba sai 1991. A 1983 shekara huɗu ke nan kacal da Gwamna Abubakar Rimi ya soke jangali, makiyayi bai gama jin daɗin hutun ba. Kuma a wannan karo ba Fulani kaɗai abin ya shafa ba, domin garmar shanu da amalanke sun riga sun shiga gidan manomi. Mutumin Gagarawa mai bijimai biyu, in suka faɗi, huɗar gero da gyaɗa ta faɗi tare da su. Farin 1983 da 1984 ya zo ya ƙarasa.

Aka sake ɗaura ɗamara a 1986 da wani shiri na Afirka baki ɗaya, PARC, ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Wannan karon an koyi darasi. Aka kafa wurin gwada ingancin rigakafi, domin an gano wasu kwalaben da ake tsirawa ba su da ƙarfi. Aka riƙa ɗibar jinin shanu ana dubawa ko allurar ta kama. Nijeriya ta ga bushiya ta ƙarshe a 1987, a 1988 kuma aka kafa dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi, wadda ta ɗora shige da ficen dabbobin kasuwa a kan tashoshin bincike da takardar izini. Maigatari na cikin irin waɗannan tashoshi.

Saura matsala ɗaya. Rigakafin Plowright ba ya jure zafi, in ƙanƙara ta narke ya zama ruwan banza, kuma inda ciwon ya laɓe babu hanya balle firji. Wani likitan dabbobi Ba'amurke, Jeffrey Mariner na Jami'ar Tufts, ya gyara yadda ake busar da shi har ya iya yin wata guda ba sanyi. A Nijar aka gwada shi a kan shanun makiyaya, aka buga sakamakon a 1990. Da wannan ne aka yi abin da manyan likitoci da yawa suka ƙi yarda da shi da farko: aka koya wa makiyaya da kansu yin allurar. A ƙasar Afar ta Habasha da kudancin Sudan, ana tsakiyar yaƙi, mutanen da dattawan ƙabila suka zaɓa suka ɗauki kwalabe a ƙafa da bayan raƙumi suka kai inda motar gwamnati ba ta taɓa zuwa ba. Su ne kuma suka riƙa nuna wa likitoci inda ciwon yake, domin sun fi kowa sanin tarihin garkensu. Na ƙarshe da aka tabbatar a duniya a jikin ɓauna aka same shi, a gandun dajin Meru na Kenya, a 2001. Aka daina allura da gangan, aka yi shekaru ana bincike. A watan Mayun 2011 hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ta yi shelar bushiya ta ƙare, a watan Yuni hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar. Bayan agana, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya share daga bayan ƙasa. Plowright bai ga ranar ba, ya rasu a 2010.

Yau duk ranar Alhamis karar Maigatari tana cika da bunaji da rahaji da azawak, da raƙuma, da udawa da balami, yawancinsu daga Nijar da Chadi, dillalai suna ciniki, tireloli suna lodi zuwa Kudu. Babu ko ɗaya cikin shanun nan da ke da kariya daga bushiya, kuma yaron da ke kora su bai taɓa ganinta ba. Wannan ba abin tsoro ba ne muddin ragowar ƙwayar da ke kulle a ɗakunan bincike ƙalilan ta zauna a kulle, cibiyar Pirbright ta Ingila ma ta lalata nata a 2019. Abin da ke ci mini rai sauran ne. Ciwon huhu na shanu yana nan, boru yana nan. Ga kuma ƙanwar bushiya, annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, wadda aka fara ganewa a Kodebuwa a 1942. Alamunta kusan ɗaya ne, hawaye da majina da gyambon baki da zawo, kuma akuyar mace take ɗauka, wadda ake sayarwa a yi wa 'ya kayan ɗaki ko a biya kuɗin asibiti. Ita ma allura ɗaya ce ke tsare dabba shekaru, Vom tana haɗa ta, kuma duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar gamawa da ita.

Amma an rufe iyakar nan a 2019, an sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, kuma duk wanda ya san yankin ya san dabbobi ba su daina shigowa ba. Hanyar daji suka bi, inda babu malamin dabbobi da zai buɗe bakinsu ya duba. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS, wadda a ƙarƙashinta aka tsara takardar ƙetare iyaka ta makiyaya tun 1998. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar, da aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, tana nan. Ita ya kamata ta zaunar da likitocin Jigawa da na Damagaram su fitar da wata guda na allurar awaki da tumaki, daga Gumel zuwa Dungas, da alama iri ɗaya a kunne, kafin ragunan Layya su fara sauka kara.